Ɗan riƙo in ya fara girma

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, in akwai ɗan riƙo a gidanku, wannan magana taku ce.

Riƙo tsohon abu ne wurinmu. Uwa ta rasu, gwaggo ta ɗauki ɗiya. Aure ya mutu, kaka ta ɗauki jikoki. Abu ne mai kyau, ban kushe shi ba. Amma duba abin da ke faruwa in yaron ya kai shekara 13 ko 14. Da yana ƙarami kowa na tausayinsa. Yanzu ya yi tsawo, sai a bar ganin maraya, a fara ganin mai ƙarfin aiki. Shi ne ɗibar ruwa, shi ne kiwo, shi ne aike. Ɗiyan gida su tafi lekol, shi ya tsaya.

Akwai wata yarinya a unguwarmu. An kawo ta daga ƙauye bayan rasuwar uwarta. Ba a hana ta tuwo ba, ba a hana ta zane ba. Da ta kai shekara 14 sai ta bar magana. Ta bar wasan dandali. Da dare ba ta barci. Wasu suka ce taurin kai ne, aka buge ta. Wasu suka ce iskoki ne, aka yi turare. Ba wanda ya zauna ya ce mata: "Me ke damun ki?" Ni ma da nake rubutun nan ban tambaye ta ba, ina wucewa kullum.

To, ka sani, zuciya ma tana ciwo kamar jiki. Hukumar lafiya ta duniya, wadda ake kira OMS, ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da irin wannan ciwo. Ina ga wanda ya rasa uwa, ya bar garinsu, ya rabu da ƙannensa? Wani shiru yake yi. Wani faɗa yake ja. Wani ya gudu tasha, ya faɗa shan tramol. Mu kuwa sai mu ce ya lalace.

In abin ya kai nan, za ka ji ana cewa: "A kai shi gidan marayu, a huta." Gidajen nan suna da amfani. Ƙungiyar SOS ta buɗe ƙauyen yara a Yamai a 1993, daga baya ta buɗe a Tawa da Doso. Ta yi tsarinta kamar gida: mace guda ta riƙe yara kaɗan, kuma ba a raba wa da ƙane. Yaron da ake zalunta a gidan riƙo, gara can sau dubu da riƙon sakainar kashi.

Amma ni a ganina kada ka yi gaggawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a 2009, ta ce talauci kaɗai ba hujja ba ne na raba yaro da iyayensa, kuma a fara neman masa wuri cikin dangi. Yi tunani. Wata rana zai girma ya fito. Wa zai ba shi gona? Wa zai je masa neman aure? Ma'aikaci yana canza wurin aiki, kawu ba ya canzawa. In dole ce ta sa aka kai shi, ka riƙa zuwa. Ka ɗauko shi da salla.

In yana gidanka, ka ba shi mutum guda da zai iya faɗa wa damuwarsa ba tare da an kai ƙara ba. Ka bar shi ya ambaci uwarsa, ko da zai yi kuka. In ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ko ya ce gara ya mutu, kada ka jira. Yi masa addu'a, kuma ka kai shi likita ran nan. Ka faɗi duk abin da ka gani. Kai yaro wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin ya haukace.

Yarinyar nan, wata tsohuwa mai saida ƙosai ce ta fara jan ta da hira. Sai da aka yi wata biyu kafin ta buɗe baki. Abin da ta fara tambaya shi ne inda aka kai ƙanenta.