BAYAN FAGE: Rigar Ruwan Gwal, Wanki Ɗaya Sai Labari

Duk wanda ya saba zuwa bikin ƙaddamar da fim ko na karrama 'yan wasa a Kano, Kaduna ko Jos ya san yadda abin yake. 'Yan kulob ɗin masoya jarumi wane za su shigo a jere, kowa da baƙar ti-shat, an buga sunan gwaninsu a ƙirji da ruwan gwal, fitila na dukansa yana walwali. Haka ma a wajen ɗaukar waƙa, darakta ya sa a yi wa 'yan rawa anko mai zanen gwal ko na azurfa. Abin gwanin ban sha'awa. To amma a sake haɗuwa da rigar nan bayan wanki biyu, sai a ga rubutun ya tsattsage, wani harafin ya ɓare, gwal ɗin ya koma kalar ƙasa. Daga nan sai rigima ta tashi, 'yan kulob su ce shugaba ya cinye kuɗi ya kai aiki wajen mai araha, shi kuma ya ce mai firintin ne ya zuba masa jabun fenti.

Sau da yawa fentin bai da laifi. Matsalar tana jikin yadin, tun kafin a ɗora shi kan teburin bugu.

Tawadar da ake kira ruwan gwal ba kala ba ce kawai irin ja ko shuɗi. Ɓurɓushin ƙarfe ne a cikinta, na tagulla ko na alminiyon, kuma ƙyallin yana fitowa ne idan ɓurɓushin nan ya kwanta lif a saman yadi yana mayar da haske. Duk abin da ya hana shi kwanciya, ko ya shiga tsakaninsa da zaren yadin, to ya kashe aikin.

Na farko a cikin masu shiga tsakani shi ne sitacin kamfani. Yadin da aka yanko daga Kantin Kwari yana zuwa da sitaci da wasu sinadarai da masaƙa ke sa wa zare don ya yi ƙarfi, ya kuma yi kyau a idon mai saye. In aka buga tawada a kai, ba yadin ta kama ba, sitacin ta kama. Ranar da sitaci ya bi ruwa, ita ma ta bi shi. Gwajin ba wuya: a ɗiga ruwa a gefen yadin. In ya shanye nan take, to da sauƙi. In ya tsaya ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza, sai an wanke. Wankin kuma da omo zalla, a ɗauraye sosai, ban da bula, ban da sitaci, ban da ruwan nan mai ƙamshi na tausasa kaya, don shi ma santsi yake bari a jikin zare. Wankin na da wani amfanin: auduga tana motsewa a wankin farko, gara ta gama motsewarta kafin bugu, in ba haka ba ta ja zanen ya yamutse.

Shadda ita ce ta fi ba masu wannan aiki ciwon kai. Masu shirya kayan 'yan rawa suna son ta don tana ɗaukar ido a kyamara, amma ƙyallin nan nata gyara ne da aka yi wa saman yadin, kuma shi ne ke hana tawada zama. In an wanke ta sosai ƙyallin ya ragu, in ba a wanke ba bugu ya ƙi. Wanda ya dage sai shadda, to ya fara yankar ƙyalle ya gwada, ko kuma ya haƙura ya kai wa mai surfani ya yi masa da zaren gwal.

Ita kuwa sabuwar ti-shat ta cikin leda, hukuncinta daban. Ƙwararrun masu firintin da ke aiki da tawadar roba, wadda suke kira filastisol, ba su cika wanke ta ba, don tawadar tana zama ne a saman yadi ta riƙe shi idan an gasa ta. Ga shi kuma ɗan kulob in ya karɓi rigarsa ya ga alamar wanki, cewa zai yi gwanjo aka sayo masa. Amma in da tawadar ruwa za a yi aiki, wankin ya fi zama alheri.

Bayan wanki sai bushewa, kuma a nan gaggawa ke cin mutane. Auduga tana riƙe danshi ko da hannu ya ji kamar ta bushe, musamman da damina. Tawadar roba tana buƙatar zafi kimanin digiri 160 a ma'aunin salshiyos kafin ta nuna, shi kuwa danshi yana shanye zafin ne ya bar ƙasan tawadar ɗanye. Ruwan gwal ya ƙara da tasa rigimar, don ƙarfen da ke ciki yana mayar da zafi kamar yadda yake mayar da haske, saboda haka ya fi sauran tawada daɗewa kafin ya nuna. A yi wa yadi guga da dutse mai zafi dab da bugu, ya kori danshi ya kuma kwantar da gashin yadin. Wanda ya ƙi kwanciya a bi shi da salatif a ɗauke. Sili ɗaya na zare in ya miƙe a tsakiyar harafi, a fentin baƙi ba wanda zai lura, amma a gwal sai ya fito kamar ƙurji. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a rufe kayan da aka goge har lokacin bugu ya yi.

Sai yadin roba, irin na jesin ƙwallo. Rininsa yana tashi in ya ji wuta tun kafin zafi ya kai 160, ya ratsa cikin tawada. Jar jesi da aka buga wa azurfa tana iya komawa ruwan hoda bayan kwana biyu, an riga an raba wa jama'a. Maganinsa a fara buga shimfiɗar tawada mai tare rini, ko a nemi tawadar da ke nuna da ƙaramin zafi. Atamfa mai zuba da yadin da aka rina da baba su ma sai an wanke har ruwa ya fito garau.

In yadi ya shirya, a shimfiɗa shi a kan katako mai ɗan gam don kada ya motsa, ba tare da an ja shi ba. Wanda ya ja ti-shat ta miƙe kafin bugu, in ta koma daidai sai fuskar jarumin ta tsuke. A zura kwali a tsakanin gaba da baya. Ragar firem ma a duba ta: wadda ake aikin ƙananan rubutu da ita, mai zare 200 ko fiye a inci ɗaya, tana tace ɓurɓushin ƙarfen ne ta toshe. Ruwan gwal yana son raga mai manyan ido, zare 86 zuwa 110. A kuma juya tawadar sosai, don ƙarfen ƙasan gwangwani yake kwanciya.

Shugaban kulob ko mai kula da kayan lokeshin da zai ba da aikin riga 50, ya roƙi mai firintin ya fara buga ɗaya. In ta huce a ja wajen rubutun da hannu biyu. In ya tsage, bai nuna ba. A wanke ta sau biyu ko uku, a haska ta da fitilar da za a yi ɗauka da ita, don gwal mai yawa a ƙirji yana iya kashe wa kyamara ido har sunan ya ƙi karantuwa. In ta tsallake, sai a buga sauran 49. Ranar rabo kuma a gaya wa kowa ya riƙa juya rigarsa ciki-waje kafin wanki, kada ya sa mata bilic ko ya dirje ta da buroshi, dutsen guga kuma ta baya zai bi.