Sankarar ƙashi: abin da gwajin sababbin magunguna ya nuna

Osteosarkoma ita ce sankarar ƙashi da ta fi kama yara da matasa. Galibi takan fara a kusa da gwiwa, idan kuma ta bazu, huhu take fara kamawa. Tun shekarun 1980 likitoci ke haɗa tiyata da magunguna uku: methotrexate, doxorubicin da cisplatin. Da wannan hanya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na waɗanda cutar ba ta bazu a jikinsu ba suna kai shekara 5 a raye. Idan ta riga ta bazu, adadin yakan faɗi ƙasa da kashi 30. Kusan shekara 40 ke nan alƙaluman ba su canza sosai ba.

Shi ya sa masu bincike suka koma ga magungunan da ke toshe saƙonnin cikin ƙwayoyin jiki. Ƙwayar sankara tana karɓar umarni daga wasu sinadarai da ke sa ta rarrabuwa, ko ta janyo sababbin jijiyoyin jini da za su ciyar da ita. In an katse umarnin, ƙarin kan rage girma. Dabarar ta yi aiki a kan wani nau'in sankarar jini da maganin imatinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2001.

A sankarar ƙashi sakamakon bai kai haka ba. A gwajin REGOBONE da aka yi a Faransa, wanda aka wallafa a 2019, maganin regorafenib ya riƙe cutar na kimanin mako 16, yayin da waɗanda aka bai wa ƙwaya marar magani suka samu mako 4 kacal. Gwajin SARC024 na Amurka ya nuna wata 3.6 a kan wata 1.7. A 2020, gwajin CABONE ya nuna ƙarin ya ragu a jikin kashi 12 cikin ɗari na masu osteosarkoma da suka sha cabozantinib. Magungunan kuma suna zuwa da illa: hawan jini, gudawa, gajiya da kumburin tafin hannu da ƙafa.

Dalilin shi ne, waccan sankarar jinin kuskure ɗaya ne ke tuƙa ta, ita kuwa osteosarkoma ƙwayoyin gadonta a hargitse suke, babu maɓalli guda da za a kashe. An toshe hanya ɗaya, sai ta bi wata.

Ga mai ciwon da cutar ta dawo masa bayan an gwada komai, ƴan makonnin nan suna da daraja. Amma ya kamata ƴan uwa da ke ƙetare, masu turo kuɗin jinya gida, su san cewa waɗannan ƙwayoyi masu tsada jinkirta cutar suke yi, ba su kai ga warkar da ita ba tukuna.

A Nijar, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara a Yamai ta fara gashi da haske a 2021, abin da ya fi ceton rai shi ne gano cutar kafin ta kai huhu. Matashin da gwiwarsa ta kumbura, take masa ciwo har cikin dare na tsawon makonni ba tare da ya faɗi ko ya bugu ba, hoton ƙashi yake buƙata a asibiti kafin a kai shi wurin mai ɗori.