BASHI HANJI NE, AMMA BA LAIFI BA NE

Daga Bauci

Duk wanda ya saba zama da 'yan kasuwa a Muda Lawal ko a Wunti, a nan birnin Bauci, ya san irin wannan labari. Mutum ya karɓi kaya bashi, tumatir ne ko albasa ko shanu, ya yi Kurmi da su. Mota ta lalace a hanya, ko kuwa ya tarar kasuwa ta faɗi. Mai kaya ya jira wata ɗaya, wata biyu, shiru. Sai ya tasam ma caji ofis. Da yake wanda ake bi yana Ikko ko Badun, sai a kama ƙanensa ko tsohonsa a tsare, a buga waya a ce, "In kana son a sake shi, aiko da kuɗi."

To, jama'a, wannan abu ya zama ruwan dare, har wasu sun ɗauka haka doka ta ce. Alhali kuwa doka ta hana shi ƙiri-ƙiri. Tun da yake ku mazauna Kudu ku ne kuka fi shiga wannan hali, wani lokaci ana binku, wani lokaci ku ke bi, ya kamata mu zauna mu rarrabe tsakanin aya da tsakuwa.

SHARI'A IRI UKU CE

Ta farko ita ce shari'ar laifi, kamar sata da fashi da zamba da kisa. A nan hukuma ce mai ƙara, ɗan sanda ne mai bincike, kuma ƙarshenta ɗauri ne ko tara. Ba a hukunta mutum sai an kawo shaidar da ta kau da shakka. A Bauci ana aiki da Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewa cikin 1960, sa'an nan a 2001 aka ƙara dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci domin Musulmi. A Kudu kuwa Kiriminal Kod ne, wanda ya game ƙasa tun 1916, ko da yake Jihar Ikko ta yi nata na kanta a 2011.

Ta biyu ita ce shari'ar neman hakki tsakanin mutum da mutum, watau bashi da ciniki da haya da gona da gado. A nan kai ne mai ƙara, kai za ka kawo shaidunka, alƙali ya auna ya ga wanda hujjarsa ta rinjaya. Abin da ake nema shi ne a biya ka. Ba ruwan ɗan sanda da wannan.

Ta uku ita ce ta Tsarin Mulki, wanda shi ne uwar dokoki. Sashe na 1 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk dokar da ta saɓa masa rusasshiya ce. Babi na 4 shi ya jera hakkokin ɗan ƙasa. Asalin wannan babi kuwa shawarar Hukumar Willink ce ta 1958, wadda ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi, aka sa shi cikin Tsarin Mulkin 1960, zamanin da ɗan wannan gari, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ke Firayim Minista. Ashe ke nan an yi shi ne domin wanda ba shi da gata a inda yake zaune. Bahaushen Agege ko Sabon Badun ya fi kowa bukatarsa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 tana aiki a ko'ina cikin Nijeriya, daga Bauci har Fatakwal. Sashe na 32 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa alkawarin ciniki ko wani hakki na tsakanin mutum da mutum. Sashe na 36 kuma ya hana a kama wani a madadin wanda ake nema. Saboda haka tsohon da aka tsare don bashin ɗansa an zalunce shi sau biyu. Ko da a ce shi ya tsaya wa ɗan nasa lokacin karɓar kaya, iyakarta a kai shi ƙara kotu a nemi ya biya.

Kotun Ƙoli ma ta yi magana. A shari'ar Kure da Kwamishinan 'Yan Sanda, an ba wani mutum kuɗi don ya kawo wa wata ma'aikatar Jihar Ribas raƙumin dawa, bai kawo ba. Aka kai shi ga 'yan sanda, kotun majistare a Kaduna ta same shi da laifi. A 2020 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin ta sallame shi, ta ce magana ce ta ciniki, kuma karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne.

In har an kama mutum, sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba shi damar yin shiru sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai fa in laifi ne mai hukuncin kisa. A cikin birnin Bauci ko Ikko ba wanda zai ce kotu ta yi nisa. Belin caji ofis kuma kyauta ne. A kotu, wanda ba ya jin Turanci yana da hakkin tafinta ba da ko kwabo ba. Kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.

Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya zuwa Babbar Kotu a ƙarƙashin sashe na 46, ya nemi diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Kotuna sun sha ɗora diyyar har a kan mai bin bashin da ya jawo 'yan sanda. Marar halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976.

INA MAI BIN BASHI ZAI NUFA?

Kada a ce mun ɗaure wa 'yan cin bashi gindi. Mai kaya ma guminsa ne, kuma abin da ke tura shi caji ofis shi ne tsoron jan ƙafar kotu. Gaskiyarsa. Amma akwai hanyoyi. Da farko akwai sulhu a gaban shugabannin kasuwa ko Sarkin Hausawa, wanda sau da yawa ya fi sauri. In ya faskara, a Bauci akwai kotun Shari'a da ta majistare. A Ikko, cikin 2018, an buɗe kotunan ƙananan basussuka domin kuɗin da bai wuce Naira miliyan 5 ba, da nufin a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsaya wa kansa ba lauya. Sai dai a lura, a Ikko bashin ciniki in ya shekara 6 ba a kai ƙara ba, damar ƙara tana iya kuɓucewa.

Har wa yau akwai inda bashi ke rikiɗa ya zama laifi. Wanda ya karɓi kaya da ƙarya tun farko, da niyyar ba zai biya ba, ya yi zamba, watau abin nan da ake kira 419 saboda lambar sashensa a Kiriminal Kod. Yaron da aka damƙa wa shanu ya kai kasuwa, ya sayar ya cinye, ya ci amana. Wanda ya ba da cek ya san asusunsa wayam ne, dokar 1977 ta tanada masa ɗaurin shekara 2. Waɗannan kam na ɗan sanda ne. Bambancin yana ga niyya. Wanda kasuwa ta karye masa daban, ɓarawo daban.

Babbar matsalarmu ita ce cinikin miliyoyi da fatar baki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Takarda guda mai kwanan wata da adadi da ranar biya da sa hannun shaidu biyu ta ishe ka a gaban alƙali, a Bauci ne ko a Ikko.

Gidajen yarin ƙasar nan cike suke, kuma wajen kashi biyu cikin uku na mazaunansu jiran shari'a suke yi. Bai kamata mu ƙara musu da iyayen juna a kan kuɗin albasa ba. Mai bi yau, gobe shi ake bi. Allah ya rufa mana asiri, ya hore mana abin biya.