Kada a binne ƙari kafin a gwada shi

A garuruwan arewacin Kano irin su Bichi, Dambatta, Kunchi da Tsanyawa, idan aka yi wa mace tiyatar ƙarin mahaifa, sau da yawa akan fito da abin da aka cire a kwano a nuna wa dangi, a yi hamdala, a je a binne. Wannan al'ada tana iya cin ran mace, kuma kamata ya yi a daina ta.

Akwai wata sankara da likitoci ke kira sarkoma, wadda ke tsirowa daga tsokar mahaifa ko naman da ke riƙe da shimfiɗarta. Ba ta da yawa, domin ba ta kai kashi 10 cikin 100 na sankarar mahaifa ba. Haɗarinta shi ne alamunta iri ɗaya ne da na ƙari: zubar jini ba bisa ƙa'ida ba, ciwon mara, kumburin ciki. Hoton ciki ba ya bambance su da tabbas, gwajin bakin mahaifa ba ya kama ta, allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara a watan Oktoba na 2023 ma ba ta hana ta. Hanyar tabbatarwa ita ce a yanka naman a duba shi da madubin likita. A 2014, Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 350 da ake yi wa tiyatar ƙari tana ɗauke da sarkoma ba a sani ba.

Saurin ganowa shi ne rai. A nau'in da ke fitowa daga tsoka, alƙaluman Amurka sun nuna cewa kusan mata 6 cikin 10 suna haura shekara 5 idan cutar ba ta bar mahaifa ba. Idan ta bi jini ta kai huhu, ko 2 cikin 10 ba sa kaiwa. Matar da aka cire wa ƙari kawai aka bar mata mahaifa, alhali sarkoma ce, tana buƙatar komawa a cire mahaifar. Wa zai gaya mata, bayan shaidar tana ƙarƙashin ƙasa?

Wani zai ce cutar ba ta da yawa, gwaji kuma kuɗi ne. To, manomin da ya sayar da gero ko akuya ya biya tiyata, ai ya riga ya biya babban kuɗin. Ruwan fomalin, kwalba da kuɗin mota zuwa ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba su kai abin da za a kashe ba idan cutar ta dawo. Rigakafi ya fi magani.

Don haka ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, aika duk naman da aka cire daga mahaifa zuwa gwaji. Asibiti ne zai kai shi, asibiti ne zai nemi matar da sakamako, kada a ɗora wa dangi.

Mu kuma da ake bugo wa waya daga ƙauye a turo kuɗin tiyata, nauyi yana kanmu. Ƙari yakan ƙanƙance bayan mace ta daina al'ada, saboda haka idan cikin gyatumarka ya ci gaba da girma, ko jini ya dawo mata, kada ka yarda a ce kwantaccen ciki ne ko iska. Bayan tiyata kuma ka tambayi likita: ina aka kai naman, yaushe za mu karɓi sakamako?