Wa ya raba gadon?

A aji an koya mana kalmomi biyu na Faransanci, art da artisanat. Ta farko wai ta su Mikelanjelo ce, ta biyu ta kakanninmu mata. Alhali uwarsu ɗaya, ars ta Latin. To wa ya raba gadon, wa aka cuta?

Ku dubi leshi. Ba na inji da muke saye a kasuwa ba, na hannu, wanda matan Benis ta Italiya ke yi da allura a ƙarni na 16. Sunan ɗinkin ma punto in aria, wato ɗinki a iska: babu ƙyalle a ƙarƙashi, zare ne ke riƙe da zare. Wuyan riga guda sai ya ci watanni, ya ci ido. Sarakuna suka ɗaura, aka zana hotonsu da shi, sunan mai zanen ya shiga tarihi. Wadda ta ɗinka fa? Oho.

Wani zai ce ai mata kwaikwayo kawai suke yi, tunda littattafan zanen leshi sunan maza ke kansu, irin na Vecellio a 1591. Wallahi ba haka ba ne. Isabella Parasole a Roma ta fitar da nata a 1595, zanenta ne, da sunanta a kai.

Shi kuwa Vasari, da ya tattara tarihin masu fasaha a 1550, mace ɗaya tak ya ba babi, Properzia de' Rossi, ita ma don tana sassaƙa dutse kamar maza. Da allura ta riƙe, da ko ita ba mu ji labarinta ba.