Wa Ke Shaƙe Yaranmu?

Idan yaro ya tashi cikin dare yana tari, ƙirjinsa na kuka kamar sarewa, tambayar farko a gidajenmu ita ce: wa ke da fuka a dangi? Da an tuno wani kawu ko wata goggo, sai a ce gado ne, a rufe magana. Ni kuwa na ce maganar ba ta rufu ba. Gado gaskiya ne, amma mun mayar da shi mafaka, domin kada a tuhumi hayaƙin da muke turnuƙe 'ya'yanmu da shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Huhun jariri bai gama ginuwa ba, numfashinsa ya fi na babba sauri, hancinsa kuma ya fi kusa da salansar mota da ta A Daidaita Sahu. A cikin hayaƙi akwai ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya ninka su kauri kusan sau 30. Sukan wuce hanci su lume can cikin huhu, su kumbura hanyoyin iska, su raunana fatar da ke kare su. Daga nan ƙurar ɗaki ko ta furanni, wadda da ba za ta yi wa yaro komai ba, sai ta zame masa abokiyar gaba: atishawa, ƙaiƙayin ido, sarƙewar numfashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma huhu.

Ba zato nake yi ba. Binciken da mujallar Lancet Planetary Health ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 4 ne ke kamuwa da asma kowace shekara a duniya saboda iskar NO2, wadda akasarinta daga ababan hawa take fitowa. A kudancin Kalifoniya ta Amurka kuwa, an bi diddigin ɗalibai daga 1993 zuwa 2014, aka ga cewa da iska ta gyaru, yawan sababbin masu kamuwa ya ragu. Jinin iyayensu bai sauya ba a tsakanin shekarun nan.

A Landan, Ella Adoo-Kissi-Debrah ta rasu a 2013 tana da shekara 9, bayan fama da asma mai tsanani. Gidansu na dab da babban titin South Circular. Mahaifiyarta ta ƙi yin shiru, har a Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar da cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe ta. Ita ce ta farko a Birtaniya da aka rubuta haka a takardar mutuwarta. To, idan haka ta faru a birnin da ake auna iska dare da rana, me ke faruwa a Kano da Damagaram, inda janareta ke ruri a bakin tagar ɗakin jego, ake ƙona bola a bayan makaranta, uwa kuma take hura murhu da goyo a bayanta?

Za a ce mini ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, ba mai iya tare ta. Haka ne. Amma wanda kaya suka riga suka yi wa nauyi ba a ƙara masa dutse. Za a kuma ce talaka ba shi da kuɗin gas. Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ce hujjata: laifin ba na uwar da ke girki da itace ba ne, na masu tsara farashin makamashi ne da waɗanda suka kasa kawo wutar lantarki.

Saboda haka ina kira da a kafa na'urorin auna iska kusa da makarantu da asibitoci, a riƙa sanar da sakamakon a rediyo kamar yadda ake sanar da farashin hatsi. A hana ƙona shara a unguwanni, a kuma kwashe ta a kan lokaci. A sassauta farashin gas da murhu mai tsimin itace. Likita ma ya riƙa tambayar abin da yaro ke shaƙa kafin ya tambayi tarihin kakansa. Babba na iya barin wurin hayaƙi idan ya dame shi. Jariri sai inda aka ajiye shi, kuma mu ne muke ajiyewa.