Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Duk wanda ya tsallako gadar Ngeli daga Kuseri ya shigo Njamena da safe, kafin ya gama da 'yan duwan kunnensa ya cika da kiɗa. Haka abin yake a babbar kasuwa da kasuwar gero da ta Dembe, haka yake a Gamboru da Fotokol. Kowace rumfar masu cajin waya da tura waƙa da lasifikarta, wannan ya sa Shata, wancan ya sa Gazonga, na gaba ya sa waƙar fim ɗin Kano, wani kuma kiɗan Turawa mai jita da ganguna. Kiɗa ya zama haja kamar sukari da atamfa, ana saye ana sayarwa, ana ƙetare iyaka da shi a aljihu. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, a cikin cinikin nan nawa ne ke isa hannun wanda ya yi waƙar? Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin kiɗan da ake kira rok-an-rol, domin babu inda aka taɓa yin cinikin kiɗa mai tsoka kamarsa, kuma kaɗan ne inda aka taɓa barin masu kaya hannu rabbana kamar yadda aka yi a cikinsa.

Da yawa daga cikinmu mun tashi muna ɗauka kiɗan Turawa ne, saboda hotunan da muka gani a jikin faifai da kaset na Elvis Presley ne da irinsa. Alhali kuwa baƙar fatar Amurka ne suka haife shi. Jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka su ne suka riƙa waƙa a gonakin auduga na jihar Misisifi da kewayenta, da coci-cocinsu, da gidajen rawarsu, har aka sami kiɗan da ake kira buluz. Da suka yi ƙaura zuwa birane irin su Memfis da Shikago neman aiki, sai suka jona jitarsu da lantarki, suka ƙara wa kiɗan nauyi da sauri. Mutane irin su Muddy Waters, wanda ya koma Shikago a 1943, da Sister Rosetta Tharpe, mace mai jita da ta fito daga waƙoƙin coci, sun riga sun shimfiɗa tabarmar tun kafin a san sunan wani tauraro farar fata.

Asalin ma ya matso kusa da mu fiye da yadda muke zato. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Gerhard Kubik, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar sautin makaɗa a Afirka, ya fitar da littafi a 1999 inda ya nuna cewa siffofi da dama na buluz sun fi kama da kiɗan yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Nijeriya zuwa arewaci da tsakiyar Kamaru. Wato mutum ɗaya da abin kiɗansa mai tsirkiya, yana jan murya yana lanƙwasa ta, kamar yadda mai goge ko mai gurmi ko mai molo yake yi. Akwai dalilin da ya sa tsirkiya ta fi ganga rayuwa a can. Bayan wani bore da bayi suka yi a Karolina ta Kudu a 1739, sai aka kafa doka a 1740 da ta hana su mallakar ganguna. Shi kansa banjo, abin kiɗan da Amurkawa suke alfahari da shi, daga dangin molo da garaya na Afirka ta Yamma ya fito. Saboda haka da Ali Farka Toure na Mali ya ci kyautar Grammy a 1995 da faifan da suka yi tare da Ry Cooder, duniya ta ce kiɗansa ya yi kama da buluz, shi kuwa ya riƙa nuna cewa buluz ɗin ne ya yi kama da kiɗan gidansu.

To yaya aka yi kayan suka sauya hannu? A wancan zamani ana wariyar launin fata a kudancin Amurka, makaranta daban, wurin zama a mota daban, har faifan waƙa ma kasuwarsa daban. Manyan gidajen rediyo ba su cika sa waƙoƙin baƙar fata ba. Amma iska ba ta san shinge ba. A ƙarshen shekarun 1940 tashar WDIA ta Memfis ta mayar da shirye-shiryenta kacokan na baƙar fata, B.B. King ma ya yi aiki a cikinta, kuma samarin farar fata suka riƙa kasa kunne. Elvis Presley, ɗan talakawa da aka haifa a Tupelo a 1935, iyayensa suka koma Memfis a 1948, yana cikin masu sauraron irin wannan kiɗa. A watan Yuli na 1954 ya shiga situdiyon kamfanin Sun ya rera "That's All Right", waƙar da Arthur Crudup ya yi tun 1946. Da aka sa ta a rediyo jama'a suka yi ta bugo waya, har mai gabatar da shirin ya kira shi ya tambaye shi makarantar da ya yi, don masu sauraro su gane daga sunan makarantar cewa farar fata ne. Daga ranar ƙofar da aka rufe wa masu kayan ta buɗe wa wanda ya ara.

Lissafin da ya biyo baya shi ne abin da ɗan kasuwa zai fi ganewa. Arthur Crudup, wanda Elvis ya rera waƙoƙinsa har uku, ya koma aikin ƙwadago a gona, ya rasu a 1974 yana bin bashin haƙƙinsa. Big Mama Thornton ce ta fara rera "Hound Dog", ta fito a 1953 ta yi mako 7 tana kan gaba a jerin waƙoƙin baƙar fata, amma ita da bakinta ta ce dalar Amurka 500 kawai ta samu, yayin da Elvis ya sake rera ta a 1956 aka sayar da miliyoyin faifai. Little Richard ya sayar da haƙƙin "Tutti Frutti" ta 1955 a kan dalar Amurka 50, sannan Pat Boone ya sake rera ta, tasa ta hau sama da ta mai ita a jerin waƙoƙin da aka fi saye. Chuck Berry ya fitar da "Maybellene" a 1955, sai ya tarar an ƙara sunayen mutum biyu a takardar waɗanda suka tsara ta, ɗaya daga cikinsu mai gabatar da shiri ne a rediyo, kuma sai bayan kusan shekara 30 aka mayar masa da haƙƙinsa shi kaɗai. Sister Rosetta Tharpe ta rasu a 1973, kabarinta ya shafe fiye da shekara 30 babu ko alamar suna.

Adalci ya sa mu faɗa cewa ba duk taurarin ne suka ɓoye inda suka ɗebo ba. Elvis ya ambaci Crudup a fili tun 1956, ya kuma nuna Fats Domino a gaban 'yan jarida a 1969 a matsayin wanda ya fi cancanta da sarautar wannan kiɗa. Samarin Ingila da suka kafa ƙungiyar Rolling Stones a 1962 daga wata waƙar Muddy Waters suka ɗauko sunansu, kuma sun taimaka wajen sa matasan Turai su nemi faifan tsofaffin mawaƙan. Aro ba laifi ba ne, babu makaɗin da bai ɗauka daga wani ba. Inda gizo yake saƙar shi ne takarda. A dokar waɗannan ƙasashe, duk lokacin da aka sayar da waƙa ko aka sa ta a rediyo ko wani ya sake rera ta, akwai kason da ake warewa, kuma wanda sunansa ke rubuce shi ake miƙa wa. Mawaƙin da ba shi da lauya, wani ma bai iya karatu ba, ya karɓi 'yan kuɗin hannu ya dangwala, kamfani da dillali suka riƙe takarda, suka ci har jikokinsu. Waɗanda suka farfaɗo daga baya da takarda da kotu suka farfaɗo. Willie Dixon ya kai ƙungiyar Led Zeppelin ƙara a 1985 aka sasanta da shi. Ruth Brown, wadda ta yi tashe a shekarun 1950 sannan ta koma aikatau da tuƙin motar 'yan makaranta, ta dage har kamfanin Atlantic ya sake lissafi da tsofaffin mawaƙansa a 1988.

Kada kuma mu ɗauka magana ce ta baƙi da fari kawai. Maƙwabcinmu Manu Dibango na Kamaru ya yi "Soul Makossa" a 1972, bayan shekara 10 ya ji amshinta a cikin faifan Michael Jackson, baƙar fata ɗan'uwansa, sai da ya ɗaga murya aka sasanta da shi. Waƙar gasar cin kofin duniya ta 2010 da Shakira ta rera, amshinta na ƙungiyar Golden Sounds ta Kamaru ne tun 1986. Wanda ke da babbar kasuwa shi ke cin ƙaramin, ko wane launi ne.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara da shekaru kaset ɗin Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos da na Barmani Coge da na Haruna Uji suna shigowa kasuwanninmu kwali-kwali, mafi yawa kwafi ne a kan kwafi. Kaset ya wuce, faifan CD ya zo ya wuce, yanzu memori ce da waya, a tura maka waƙa ɗari da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, muryoyinsu ba su daina jawo ciniki ba. Mai rumfar da ke juya waƙoƙinsu ya tambayi kansa ko ya taɓa aika wa iyalansu ko da tamma. Mu ma'aikatan ƙananan gidajen rediyo ba mu tsira ba, sau nawa muke cika shiri da waƙar mutum, mu karɓi kuɗin talla da na gaishe-gaishe a kanta, ba mu ko ambaci sunansa ba? Masu waƙoƙin fim ɗinmu ma sun daɗe suna ɗauko karin waƙoƙin Indiya ba sallama.

Mun san abin da za a ce. Yaron da ke tura waƙa talaka ne mai neman na tuwo, kuma shi ne ke yaɗa sunan mawaƙi har a gayyace shi biki. Gaskiya ne, haka ma aka riƙa faɗa wa su Crudup, cewa ai an ɗaukaka sunansu. Suna kuwa ba ya sayen magani. A da makaɗi yana da ubangida, sarki ko attajiri, mai ba shi riga da doki ko mota, don haka bai damu da kuɗin faifai ba. Yau matashin mawaƙi shi ke biyan situdiyo daga aljihunsa, kafin ya kai gida waƙar ta riga shi tsallaka iyaka. Talauci kuma bai taɓa hana mutanenmu biyan makaɗi ba. Marigayi Gazonga, wanda ya rasu a nan Njamena a 2006, ya riƙa zagaya garuruwan Chadi yana wasa, wanda ba shi da kuɗi ya shiga da dawa ko kaza ko busasshen kifi. Manomi ya gane cewa kiɗa aiki ne, bai kamata ɗan kasuwa ya kasa ganewa ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kasuwanninmu da su tara masu tura waƙa su zama ƙungiya mai rajista, a yanka wani abu daidai ƙarfinsu da za su riƙa biya a wata, a miƙa ga masu haƙƙi ta hanyar da kowa zai gani. Hanyar tana nan, domin Chadi ta kafa dokar kare haƙƙin mawallafa da mawaƙa tun 2003, akwai kuma hukumar BUTDRA da aka ɗora wa karɓa da rabawa. Chadi da Kamaru da Nijar da Nijeriya duk suna cikin yarjejeniyar Bern, wadda ta ce a kare aikin baƙo kamar na ɗan ƙasa, don haka hukumomin ƙasashen huɗu ba su da hujjar ƙin zama su tsara yadda kuɗin mawaƙin Kano da aka tara a Njamena zai isa Kano, na mawaƙin Chadi da aka tara a Maiduguri ya dawo gida. Su ma hukumomin sai sun riƙa bayyana abin da suka tara da wanda suka ba, in ba haka ba babu ɗan kasuwar da zai yarda ya zuba kuɗinsa a rijiya gaba dubu.

Ga mawaƙanmu kuma, kada wanda ya sake shiga situdiyo ko ya miƙa waƙa ga dillali ba tare da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu ba, kuma a nemi mai karatu amintacce ya karanta kafin a sa hannu. Ku yi wa waƙoƙinku rajista, ku bar wa 'ya'yanku takarda. Gidajen rediyo su ambaci sunan mai waƙa duk lokacin da suka sa ta, su kuma biya abin da doka ta ɗora musu. Alhazanmu masu gayyatar mawaƙa biki su yi ciniki a fili kafin a fara, kada a bar mutum da dogaro da liƙi kawai.

Babu wanda ya fi ɗan kasuwar kan iyaka sanin zafin a sayar da kayanka a hana ka kuɗi. Amana ce ke sa a ɗora wa direba kayan miliyoyi daga Kano zuwa Njamena da kalmar baki, kuma duk wanda ya ci ta sau ɗaya ya gama kasuwa. Abin da muke nema shi ne a shigar da makaɗi cikin wannan amana. Amurkawa sun jira sai da masu kayan da yawa suka mutu sannan suka fara rataya hotunansu a gidajen tarihi. Namu da yawa suna raye, wasu ma rumfarsu ɗaya da mu a kasuwa, kuma a yau suke bukatar haƙƙinsu.